Ruwa Da Saiwar Ƙaramar Ciyawa A Filin Kiwo

Kowace shekara, da an yi ruwan farko a ƙarshen bazara, ba a kwana huɗu sai a ga daji ya yi kore shar. Makiyayi ya yi murna, dabbobi su bazu suna tsintar ɗanyar ciyawa bayan sun yi wata shida ko bakwai suna cin busasshiya. Amma sau da yawa murnar ba ta daɗewa. In ruwa ya ɗauke kwana goma ko goma sha biyar, sai tsiron nan ya yi ja, ya kwanta, iska ta share shi, fili ya koma kamar ba a taɓa yin ruwa ba.

Abin ya fi ciwo inda mutane suka sa kuɗinsu da ƙarfinsu suka shuka ciyawar da hannu. Tun da aka kafa dokar hurumin kiwo ta tsohuwar Jihar Arewa a 1965, akwai wuraren da aka keɓe wa dabbobi, kamar su Ruma-Kukar Jangarai a ƙasar Katsina, da Kachiya, da Wase. Irin waɗannan wurare, in sun lalace, gyaransu sai da shuka ciyawa. Haka kuma a Jamhuriyar Nijar ana ta shuka ciyawa a kan filayen da suka zama faƙo. To, in an shuka ta tsiro, sa'an nan ta mutu, sai a ce iri ne ba shi da kyau, ko kuwa a ce damina ce ba ta yi albarka ba. Alhali kuwa irin ya yi aikinsa tun da ya tsiro, kuma mai yiwuwa ne ruwan shekarar in an auna shi duka ya isa. Ainihin abin da ya kashe ta yana ƙarƙashin ƙasa, wurin saiwa, inda ido ba ya gani.

Saiwa Iri Biyu

Ciyawa dangin gero da dawa da masara ce, ginin jikinsu ɗaya ne. Saboda haka duk manomin da ya taɓa tumɓuke tsiron dawa ya duba, ya riga ya ga abin da za a bayyana.

Tsiron ciyawa yana yin saiwa iri biyu, ɗaya bayan ɗaya. Ta farko ita ce wadda ke fitowa daga cikin ƙwayar iri tun ganye bai ɓullo ba. Ana iya kiranta saiwar iri. Siririya ce kamar zare, kuma a yawancin ciyayin ƙasashe masu zafi guda ɗaya ce tak, sai 'yan rassa. Aikinta shi ne ta riƙe ran tsiron na 'yan makonni.

Ta biyu ita ce saiwar gindi. Ba daga ƙwayar iri take fitowa ba, daga gaɓoɓin gindin tsiro take fitowa, kuma ba guda ɗaya ba ce, kowace sabuwar gaɓa da nata saiwoyin. Sun fi ta farko kauri, sun fi ta jan ruwa nesa ba kusa ba. Saiwoyin nan da akan gani sun kewaye gindin dawa ko masara kamar 'yan yatsu sun kama ƙasa, danginsu ne. Da su ciyawa ke tsayawa da ƙarfinta, da su take samun ruwan da zai ishe ta ta yi 'ya'ya ta cika gindi.

Tsakanin ƙwayar iri da gindin tsiro akwai wani ɗan farin zare. Shi ne ke miƙewa yana tura tsiron sama, ba ya tsayawa sai tsinin ya ga haske. Ke nan ko an binne iri da zurfi, gaɓar da za ta fid da saiwar gindi can sama za ta zauna, dab da fuskar ƙasa. A ƙananan ciyayi sau da yawa ba ta kai ko rabin inci a cikin ƙasa ba. Wurin nan kuwa shi ne wanda rana ke fara busarwa.

Muddin saiwar gindi ba ta fito ba, duk ruwan da ganye zai sha ta cikin saiwar iri da ɗan zaren nan zai bi. Kamar unguwa guda ce ke shan ruwa da guga ɗaya. Tun mutane ba su da yawa gugan yana isarsu, amma da sun ƙaru sai ƙishirwa, ko da rijiyar cike take. Haka tsiro yake. Ganye na ƙaruwa, buƙatar ruwa na ƙaruwa, hanyar ruwan kuwa ba ta ƙaruwa.

Abin Da Aka Gano A Amurka

Waɗanda suka fi bin diddigin wannan al'amari su ne masanan kiwo na jihar Kolorado a Amurka. Can akwai wani faffaɗan fili na kiwo wanda ruwansa bai fi inci 12 ko 13 a shekara ba, watau kamar na ƙasashen da ke bakin hamada a Nijar. Babbar ciyawarsu wata gajeriya ce da suke kira girama. In ta kafu ba ta jin fari, ba ta jin kiwo. Amma filayen da aka nome aka bari a shekarun 1930, waɗansunsu har bayan shekara 50 giramar ba ta gama komawa ba, kuma in an shuka ta da hannu galibi sai ta tsiro ta mutu.

A 1971 wani masani mai suna Hyder da abokan aikinsa suka bayyana dalili. Suka nuna gaɓar gindin girama a fuskar ƙasa take zama, inda ba ta samun laimar da za ta fid da saiwa, kuma tsiron da bai sami saiwar gindi ba yakan mutu yana da mako 6 zuwa 10. A 1979 waɗansu biyu, Wilson da Briske, suka ƙara bayani. Suka ce tsiron yana bukatar ruwa sau biyu. Na farko, ƙasa ta yi kwana 2 zuwa 4 da laima domin iri ya tsiro. Na biyu, bayan mako 2 zuwa 8, fuskar ƙasa ta sake yin kwana 2 zuwa 4 a jere ba ta bushe ba, domin saiwar gindi ta fito ta nutse. In na biyun bai samu ba, na farkon ya tashi a banza.

A 1994 kuma Lauenroth da abokansa suka yi lissafi da kwamfuta don su ga sau nawa ne ruwan wurin ke faɗuwa daidai yadda tsiron ke so. Lissafin ya nuna a ƙasa mai laushi, wadda ke riƙe laima a sama, akan dace sau ɗaya a shekara 30 zuwa 50. A ƙasa mai yashi kuwa sai a yi ɗaruruwan shekaru, har dubbai, ba a dace ba.

Waɗannan ƙididdiga na girama ne da ƙasar Kolorado. Inda ake samun marka sosai, kamar ƙasar Zazzau ko Bauci, dacewa ba ta yi wuya haka ba. Amma ginin tsiron gamba da kyasuwa da gero irin na girama ne, saboda haka hukuncin ɗaya ne: ganin kore bai nuna ciyawa ta kama ba, sai saiwar gindi ta shiga ƙasa. Manoman masara na Amurka ma sun san haka, don a shekarar da saman ƙasa ya bushe da wuri sukan ga masara ta yi ganye huɗu ko biyar sa'an nan ta faɗi, in an duba gindinta a tarar babu saiwa sai 'yan guntaye da suka ƙone.

Dabarar Saiwa Lokacin Ƙarancin Ruwa

Tsiro ba ya zama kawai ya jira mutuwa, yana da dabarun da aka halitta shi da su.

Dabara ta farko, in ƙasa ta fara bushewa, sai ganye ya dakata da girma, saiwar iri kuwa ta ci gaba da nutsawa. Wani masani, Robert Sharp, ya yi shekaru yana gwada wannan a kan masara tun daga 1979. Ya tarar a bushewar da ta isa ta tsai da girman ganye ɗungum, tsinin saiwa yana nan yana tafiya, sai dai saiwar takan ƙara sirancewa. Watau tsiron yana tattalin ɗan abincin da ke gare shi, yana kashe shi wajen neman ruwa. Saboda haka in manomi ya ga tsiro ya tsaya cik lokacin ɗaukewar ruwa, kada ya yi saurin cewa ya mutu. Tsere ake yi tsakanin saiwa da bushewa. Bushewa tana bin ƙasa daga sama zuwa ƙasa, saiwa tana gudu a gabanta. In saiwa ta riga ta, tsiro ya tsira. In bushewa ta cim mata, shi ke nan.

Dabara ta biyu, saiwa ba ta yin reshe barkatai. A 2014 an nuna in saiwa tana bin wani wuri wanda gefe ɗaya da laima, gefe ɗaya babu, to, a gefen laimar take fid da rassanta.

Dabara ta uku ita ce mafi muhimmanci ga mai shuka ciyawa. A 2016 masana a Kalifoniya, ƙarƙashin José Dinneny, suka gwada wata ciyawar daji da kuma masara. Suka tarar gindin tsiro da kansa yana jin ko ƙasar da ke kewaye da shi tana da laima. In a bushe take, sai ya hana saiwoyin gindi fitowa, su tsaya a matsayin 'yan ƙullutu, ko da akwai ruwa a can ƙasa. Da an jiƙa gindin kuwa, ba da daɗewa ba sai su fara fitowa. Hikimar abin ita ce, tsiron da bai yi saiwa da yawa ba ba ya shanye ɗan ruwan da ya rage da sauri. Amma dabara ce ta jira, kuma jira yana da iyaka.

Inda Ruwan Sama Ke Tafiya

Inci ɗaya na ruwa daidai yake da milimita 25. In inci ɗaya ya sauka a busasshiyar jigawa, yakan jiƙa ta kusan ƙafa ɗaya. In a ƙasa mai laka ya sauka, da ƙyar ya kai rabin ƙafa, domin laka ta fi riƙe ruwa a kowane inci nata. In kuwa a faƙo ne, wanda samansa ya yi ɓawo, yawancin ruwan gangarewa zai yi ya tafi kwari.

A watan Mayu da farkon Yuni, rana da iska suna iya ɗauke rubu'in inci ko fiye daga jiƙaƙƙiyar ƙasa a yini guda. Ke nan yayyafin da bai wuce rubu'in inci ba, kafin kwana ɗaya ko biyu ya tafi. Irin wannan yayyafi yana iya ruɗin iri ya tsiro, amma ba zai rayar da shi ba. Ga kuma zafi. Da tsakar rana saman yashi a ƙasashen nan yakan wuce digiri 50 a ma'aunin zafi, zafin da ke ƙona tsinin sabuwar saiwa da wuyan tsiro.

Kowace ƙasa da halinta. Jigawa tana shan ruwa da sauri, tana ɓoye shi a can ƙasa inda rana ba ta kaiwa, wannan kuwa alheri ne ga saiwar iri da kuma babbar ciyawa. Amma samanta kan bushe cikin sa'o'i kaɗan, saboda haka saiwar gindi takan sha wuya a cikinta. Ƙasa mai laushi ta fi daɗewa da laima a sama. Laka kuwa in ta bushe sai ta taurare, tsinin saiwa ya kasa huda ta.

Daga nan za a gane, ga ƙaramar ciyawa, yadda ruwa ya jeru ya fi yawansa amfani. Ruwan inci biyu da ya zuba cikin sa'a ɗaya, rana ta fito ta buɗe mako biyu, bai kai inci ɗaya da aka yi shi kashi uku cikin kwana huɗu da lumshi ba.

In Ruwa Ya Yi Yawa

Yawan ruwa ma yana da nasa lahani. Saiwa tana numfashi, tana bukatar iskar da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa. In ruwa ya kwanta kwanaki, sai ya kori iskar, saiwa ta daina girma, ta yi baƙi, ta ruɓe, ganye ya yi ɗorawa kamar na mai jin ƙishirwa. Ciyayin fadama, irin su burgu da roba, suna da ƙofofin iska a cikin kara da saiwa, shi ya sa suke zama cikin ruwa lafiya. Ciyawar tudu ba ta jure daɗewa a haka, balle tana ƙarama.

Har wa yau, mai ban ruwa ga ciyawa a lambu ko a wurin renon iri ya lura. Yayyafa ruwa kaɗan-kaɗan kullum yana da kyau a kwanakin tsirowa da kwanakin fitar saiwar gindi. Amma in saiwa ta kama, gara a riƙa ba da ruwa mai yawa a kuma jinkirta, don ya nutse, saiwa ta bi shi. Ciyawar da ta saba samun ruwa a sama kullum, saiwarta a sama take taruwa, ran da ruwa ya yanke kuwa ita ce ke fara faɗuwa.

Gamba Da Ciyayin Shekara Guda

Ciyayin dajin kiwo kashi biyu ne. Akwai na shekara guda, kamar su kyasuwa, da ƙarangiya, da burburwa, da harƙiya, da guɗe-guɗe. Waɗannan suna tsirowa da sauri, su yi saiwa da sauri, su zub da iri cikin wata biyu ko uku, su mutu. Irinsu ba ya tsirowa duka a ruwa ɗaya. In na farko ya ƙone, akwai saura a ƙasa yana jiran ruwa na gaba. Amma in aka yi ta tsirowa ana ƙonewa sau biyu ko uku, ajiyar takan ragu, shekarar kuwa ciyawa ta yi ƙaranci.

Akwai kuma masu daɗewa, babbarsu ita ce gamba, wadda ake saƙa zana da ita, ake kuma dasa ta a iyakar gona. Babbar gamba tana da saiwa iri uku. Akwai sirara masu bazuwa kusa da fuskar ƙasa, su ne ke tsotse ko ɗan yayyafi. Akwai masu kauri kamar igiya, su ne ke riƙe gindi, su ne kuma rumbun abincinta. Akwai masu nutsawa tsaye can ƙasa, su ne ke jawo ruwa da rani. Shi ya sa gamba ke daɗewa da kore bayan kaka, ta kuma riga kowace ciyawa tohowa. Saboda wannan hali ne aka ɗauki irinta daga Shika, kusa da Zariya, a 1973 aka kai Kolombiya, har a 1980 aka fid da shi ga makiyayan Kolombiya da Birazil. A arewacin Ostireliya ma, inda aka kai ta don kiwo, ƙarfinta ya yi yawa har ta mamaye daji tana haddasa gobara, aka sa ta cikin jerin miyagun ciyayin ƙasar a 2012.

Amma duk ƙarfin nan sai ta girma. Tsiron gamba rarrauna ne, mai jinkirin tashi. Irinta ƙarami ne, guzurin da ke cikinsa kaɗan ne. In ta tsiro tare da ciyayin shekara guda, sukan riga ta shanye laimar sama, su kuma rufe ta da inuwa. Bayan farin 1973 da na 1984 gamba ta ɓace a wurare da yawa na bakin hamada. Tsofaffin gindaye sun mutu, sababbi kuwa ba su sami shekarun da za su kafu ba, ga dabbobi na cinye duk wanda ya ɗago.

Abin Da Mai Shuka Zai Yi

Ba mai iya sa ruwa ya sauka, amma ana iya taimakon ƙasa ta daɗe da laima a daidai wurin da gindin tsiro yake.

Na ɗaya, kada a yi gaggawar shuka da ruwan farko. A 1988 wani masani mai suna Sivakumar, na tashar binciken gero da ke Sadore kusa da Yamai, ya ba da ma'aunin faɗuwar damina. Ya ce damina ta zauna in an sami milimita 20 cikin kwana 3 a jere, sa'an nan cikin kwana 30 da ke biye ruwa bai ɗauke fiye da kwana 7 ba. Don gero aka yi ma'aunin, amma ya dace da ciyawa. Ba wanda ya san abin da kwana 30 za su zo da shi, saboda haka abin yi shi ne a jira sai ruwa ya jeru, a haƙa a ga laima ta kai ƙafa ɗaya ko fiye. A auna yadda makonnin fitar saiwar gindi za su faɗa cikin marka. Kada kuma a makara har ya zama saura ƙasa da wata biyu ruwa ya ɗauke.

Na biyu, kada a binne iri da zurfi. Rabin inci ya isa, kada ya wuce inci ɗaya. Zurfi ba zai sa gindi ya zauna cikin laima ba, tun da zaren nan zai turo shi sama, sai dai ya cinye guzurin iri a hanya. Kada kuma a watsa a bari a fili, don iska da tururuwa za su kwashe. A ja manjagara ko reshen ƙaya a kai, sa'an nan a tattake don iri ya manne da ƙasa.

Na uku, a rufe ƙasa. Karan gero, ko busasshiyar ciyawa, ko rassan itace, in an shimfiɗa su sama-sama yadda haske zai shiga, suna rage zafi, suna sa fuskar ƙasa ta ƙara kwana ɗaya ko biyu da laima. Kwana ɗaya ko biyun nan kuwa sau da yawa su ne tsakanin rai da mutuwa. A kan faƙo, gara takan zo cin karan, ta huda ɓawon ƙasa, ruwa ya sami hanyar shiga.

Na huɗu, a tare ruwa. A ƙasar Tawa ta Nijar, musamman tun da aka fara babban aikin gyaran ƙasa na Keita a 1984, mutane sun ƙware da haƙa rami mai siffar rabin wata a kan faƙo. Bakinsa yana fuskantar tudu, ana tara ƙasar da aka haƙo a bayansa ta gefen gangare. Ruwan da zai gudu sai ya taru a ciki ya nutse. In ƙasar mai laka ce, kada a shuka a tsakiyar ramin inda ruwa ke kwanciya, a shuka a gefe da gindin tudun.

Na biyar, a sa taki. Binciken da masanan Mali da na Holan suka yi a Niyono, wanda aka buga a 1982, ya nuna a kudancin yankin Sahel rashin abinci a ƙasa ya fi rashin ruwa tauye ciyawa. Tsiron da ke jin yunwa saiwarsa ba ta sauri, bushewa kuwa ba ta jiransa. Ɗan takin dabbobi ko takin sufa yana taimako ƙwarai.

Na shida, a cire ciyayin da ke gasa da ita a makonnin farko. Inda kuma ruwa ba shi da tabbas, dashe ya fi shuka. A tsaga tsohon gindin gamba, a rage ganyen, a dasa cikin marka. Abin da aka dasa ya riga ya wuce matakin da ke kashe tsiro, don yana da gaɓoɓi da abincinsa.

A Tsare Ta Daga Dabbobi

Ko an yi duk waɗannan, in aka saki dabbobi da wuri an yi aikin banza. Tsiron da ke rataye da saiwar iri kaɗai, in tunkiya ta ja shi, gaba ɗaya yake tumɓukewa. Wanda bai tumɓuke ba kuma ya rasa ganyen da ke ciyad da saiwarsa. A 1955 wani ma'aikacin gona na Amurka, Franklin Crider, ya shuka ciyayi cikin akwatuna masu gilashi don ya riƙa ganin saiwa. Ya tarar in an yanke abin da bai kai rabin ganye ba, saiwa ba ta fasa girma. In an yanke rabi ko fiye, waɗansu saiwoyin sukan tsaya. In kuwa aka yanke kashi 9 cikin 10, dukansu sukan tsaya fiye da mako biyu. Saiwar da ta tsaya mako biyu a tsakiyar damina ta yi hasarar zurfin da za ta dogara da shi da rani.

Saboda haka sabon filin gamba a bar shi daminar farko ba kiwo, a kuma kewaye shi da hanyar tare gobara. Wannan ba aikin mutum ɗaya ba ne. Sai mai unguwa da dagaci da arɗo da masu dabbobi sun zauna sun yarda tun kafin a zuba iri, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Daga shekara ta biyu a yi kiwo da lissafi, a ci rabi a bar rabi.

Yadda Za A Gane Ta Kama

Gani ya kori ji. Bayan mako huɗu zuwa shida da tsirowa, mai fili ya zaga ya zaɓi tsiro goma daga wurare dabam-dabam. Ya sa wuƙa ko ƙaramar fartanya ya ɗago kowanne da ƙasarsa, ya wanke a ƙwarya, ya duba. In ya ga zare ɗaya tak yana saukowa daga ƙwayar iri, gindin kuwa sumul ko da 'yan ƙullutu, to, ciyawar ba ta kama ba tukuna, ko da ganyenta ya yi kyau. Sai ya ƙara rufi, in wurin ƙarami ne kuma da ruwa kusa ya jiƙa gindin da yamma kwana uku a jere. In kuwa ya ga fararen saiwoyi uku ko huɗu masu kauri sun fito daga gindi sun nutse, ga kuma 'ya'ya sun fara fitowa a gefe, to, ta kama, ɗaukewar ruwa na 'yan kwanaki ba zai kashe ta ba.

In bakwai ko takwas cikin goma sun yi saiwar gindi, sai a ci gaba da tsaro. In ba su kai rabi ba kuma da sauran damina, a cike guraben da dashe tun marka ba ta wuce ba. Wanda ke son irin gamba mai kyau, ko ƙarin bayani a kan lokacin shuka da ya dace da ƙasarsu, sai ya nemi malamin gona ko malamin dabbobi na yankinsa tun da bazara, kafin hadari ya fara haɗuwa.